Fenti na ɓarewa daga gilashi, lambar riga ta fito a juye: ina gyaran yake?

Tambaya: Ina sana'ar kayan adon ɗaki a gida. Na ga bidiyon masu zana 'yan katun a jikin gilashi, sai na gwada da fentin akirilik da maka. Layin makar ya yi naso cikin launi, bayan 'yan kwanaki kuma fentin ya fara ɓarewa. Na zana Ahmed Musa don shagon ƙanena, lamba 7 ta fito a juye. Ina kuma son in yi akwatin gilashi in jera 'yan tsanar roba na jaruman katun a ciki don ɗakin yara. Wane fenti ya dace, kuma da wane gam zan manna su?

Amsa: Malama, ba rashin iya zane ke damunki ba. Aikin da kika gani a bidiyo a bayan gilashi ake yin sa, mai kallo kuma ta gaba yake gani, gilashin na tsakaninsa da fentin. Daga nan sheƙin nan da ya burge ki yake fitowa, daga nan kuma wahalar take. Abin da mai zane a takarda ke yi a ƙarshe, ke shi za ki fara yi. Abin da ke dama zai koma hagu. Kuskuren da kika yi a shafin farko kuwa ba ya rufuwa da shafi na biyu, domin na farkon ne ke manne da gilashi, shi ido zai fara tararwa.

Sana'ar ba TikTok ya ƙirƙiro ta ba, ko da yake shi ya sake yayata ta wajen 2020 da 2021, lokacin da matasa suka riƙa zana 'yan katun ɗin Japan a gilashin firam. A Senegal ana yin ta fiye da shekara ɗari, suna kiranta suwer. Ta shigo ne ta hannun alhazai da fataken arewacin Afirka da na Labanon, ta kuma bunƙasa a zamanin William Ponty, gwamna janar na Faransa a yammacin Afirka daga 1908 zuwa 1915, wanda gwamnatinsa ta toshe shigowar hotunan addini da ake bugowa daga ƙasashen Larabawa. Da aka hana bugaggu, sai masu zane suka koma kwafar waɗanda ke hannu a kan gilashi. Hoton Shehu Ahmadu Bamba, jagoran ɗarikar Muridiyya ta Senegal, na 1913, wanda aka daɗe ba a san wani hotonsa ba sai shi, an kwafe shi ta wannan hanya ba adadi. Daga baya irin su Gora Mbengue, wanda ya rayu daga 1931 zuwa 1988, suka shigo da 'yan kokawa da matan birni da barkwancin kasuwa. Don haka zana ɗan ƙwallo a gilashi ba baƙon abu ba ne a sana'ar. Ki nemi hotunan ayyukansu a intanet, za ki ƙaru da su fiye da yawancin gajerun bidiyon nan.

Bari in fara da lamba 7, don ita ce mai sauƙi. Kina ɗora gilashi a kan takarda ki bi layi, in kin gama ki juya gilashin, sai komai ya juye, kamar rubutun da ke jikin hatimi. Maganinsa a shagon buga takardu yake: ki ce a juya miki hoton hagu zuwa dama kafin a buga, kowace manhajar gyaran hoto ta waya ma tana yi. In kin ga sunan da ke jikin rigar ba ya karantuwa a takardar, to daidai ne. Haka sa hannunki, a juye za ki yi shi, kuma tun da farko tare da layuka. Rubutun ajami ko na Larabci ma haka, daga hagu za ki ja shi zuwa dama. Kada ki yarda da ƙwaƙwalwarki a nan, ki buga ki kwafa.

Nason maka kuwa ƙa'ida ɗaya ce ke bayansa, kuma ita ce abin da masu bidiyo ba sa tsayawa su faɗa. Abin da ke narkar da layinki kada ya kasance cikin fentinki. Makar da ake rubutu da ita a kwali, tawadarta da sifirit ake haɗa ta, ba ta da jiki, fenti mai tina, wato ruwan sirka fentin mai, na taɓa ta sai ta narke, buroshi mai ruwa ma in ya yi ta kai-komo a kanta zai ɗaga ta. Hanya biyu ce mai kyau. Ko ki ja layi da alƙalamin fenti mai mai, ki cike da akirilik wanda ruwa ne ke sirka shi, ko ki ja layi da tawada mai ruwa, ki cike da fentin mai. Ta biyun ita ce hanyar mutanen Senegal: baƙar tawadar zane ta kwalba da siririn alƙalami, sannan fentin mai irin na ƙofa da taga. Tawadar allo mai ƙaro sosai ma tana yi in ta bushe ƙarau, tunda mai ba ya jiƙa ƙaro, sai dai ba ta jure damina in danshi ya samu hanyar shiga.

Ni fentin mai nake ba mai zane don sayarwa shawarar ya yi amfani da shi. Yana da wari, yana jan lokaci, amma yana kama gilashi, launinsa kuma yana fitowa a cike ba jirwaye. Akirilik na takarda da zane idan ya bushe leda ce siririya kwance a kan abu mai santsi, babu ramin da za ta riƙe, shi ya sa kika ga yana tashi falle guda. In dole sai akirilik, ki nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na gilashi ne. Kamfanin Pebeo na Faransa yana da iri biyu da ake samu a shagunan kayan zane: Vitrail, mai tina, wanda haske ke ratsawa, da Vitrea 160, mai ruwa, wanda ake bari ya sha iska awa 24 sannan a gasa a oven minti 40 a zafin digiri 160. Shi wannan na gashi, a oven mai sanyi ake sa gilashin, su yi zafi tare su huce tare, in ba haka ba ya tsage. Ga ƙananan wurare irin su ƙwayar ido ko tambarin riga, jan farce yana aiki, muddin ba a kan layin mai kika shafa shi ba.

Sai dai ko wane fenti kika saya, rabin ɓarewar daga wanki take. Gilashi yana fitowa daga wurin mai yanka da man da ake sa wa abin yankan, da sawun yatsu, da ƙura. Ki wanke shi da ruwa da sabulun wanke-wanke, ki ɗauraye, ki goge da sifirit da tsumma mai tsabta marar gashi. Don ki tabbatar, ki zuba masa ruwa: in ruwan ya shimfiɗu ya gangara bai ɗaya, ya fita, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo. Daga nan kada tafin hannunki ya sake taɓa ɓangaren da za ki zana. Ki sa takarda a ƙarƙashin hannu, ko ki ɗora siririn katako a kan littattafai biyu ya zama gada ki jingina a kai. Man shafawa da turaren da ke hannunmu sun isa su ɓata aikin mako guda. Wajen sirka fentin mai kuma, ki yi da tina ko tafentain kaɗan. Masu fentin allon talla da yawa kananzir suke zubawa don araha, amma yana hana fenti bushewa da wuri, yana kuma barin maiƙo a daidai inda ake son kamu.

Gilashin kansa, milimita 2 ko 3 ya ishe ki. Mai kauri yana da illa biyu. Takardar tana ƙasa, alƙalaminki yana sama, kaurin gilashin na tsakani, don haka in kika karkata kai kaɗan layin zai goce daga inda kike zato; mai milimita 5 yana ninka wannan gocewa. Sannan gilashin taga yana da ɗan kore-kore saboda ƙarfen da ke cikinsa, in ya yi kauri sai farin fenti ya dishe. Ga nauyi kuma: kowane milimita ɗaya na kauri yana da kilo 2.5 a murabba'in mita, wato mai milimita 3 girman takardar A4 bai kai rabin kilo ba, ƙaramar ƙusa za ta ɗauke shi. Ki sa a yanka miki a wurin masu aluminiyom, ki ce su goge bakin, ko ki goge da kanki da jiƙaƙƙiyar samfefa. Gilashin ƙofar mota da na wasu tebura gasasshe ne, ba ya yankuwa, tarwatsewa yake yi, kada ki ɓata kuɗinki a kansa.

Yanzu ga jerin aikin, wanda nan ne ake gane wanda ya iya. Layi da rubutu da sa hannu su ne farko. Bayan sun bushe sai mafi ƙanƙantar abubuwa da ke saman komai: farin ɗigon cikin ido, ƙyallin leɓe, hasken goshi da karan hanci, zufa in akwai. Sannan inuwa, ta ƙarƙashin haɓa da gefen hanci da lanƙwasar riga. Sai launin fata gaba ɗaya, ki shafe shi a kan hasken da inuwar duka, ba tsoro, domin suna gabansa. Riga ta biyo baya, filin da ke bayan mutum shi ne ƙarshe. Bayan gilashin zai yi muni, launi kan launi, kuma haka ya kamata ya yi. Ki riƙa ɗagawa kina leƙa gaban bayan kowane mataki, in kin ga kuskure ki kankare shi da reza ko tsinken sakace tun kafin ki rufe. Wannan ita ce falalar gilashi a kan takarda: busasshen fenti yana kankaruwa tas, ba ya barin tabo. Amma da zarar shafi uku sun hau kai, gyaran ido ɗaya yana nufin haƙa rami har ƙasa.

Kada ki yi jan buroshi irin na mai fentin bango. Ɗebo fenti da yawa ki ajiye shi, ki tura shi a hankali har bakin layi, ya ɗan hau kan layin don kada a bar tsaga. In ya bushe ki ɗaga gilashin saitin taga, duk inda haske ya ratso ki ƙara shafi. Ja da ruwan ɗorawa su suka fi son shafi biyu ko uku, in kuma kika bi bayansu da fari sai su ƙara fitowa. Fentin mai yana son kwana guda tsakanin launin da ke maƙwabtaka da wani, shi ya sa masu sana'ar ba sa yin gilashi ɗaya, biyar ko goma suke jerawa, yau a sa wa duka ja, gobe kore.

Za ki lura 'yan katun sun fi fuskar mutum sauƙi nesa ba kusa ba, kuma akwai dalili. Tun bayan da mai zanen katun Earl Hurd ya yi rajistar dabarar a Amurka a 1914, har zuwa wajen 1990 da kwamfuta ta fara karɓe aikin, a kan leda mai garai-garai ake zana katun: layi a gaba, launi a baya. Wato tun asali an tsara waɗannan halittu da baƙin layi rufaffe da launi shimfiɗaɗɗe don a cike su ta baya. Abin da kike yi a gilashi kusan aikin da aka haife su da shi ne.

Fuskar Ahmed Musa kuwa hoto ce, ba layi a cikinta, haske ne ke narkewa cikin duhu. Kuskuren masu koyo shi ne su yi ƙoƙarin narkar da launi haka a gilashi. Ba ya yiwuwa cikin sauƙi, fentin zamewa yake. Ki mayar da hoton katun tukuna. A manhajar gyaran hoto ki rage launukan fuskar zuwa uku ko huɗu, ta rabu gida-gida, sannan ki bi iyakar kowane gida. Ki zaɓi hoton da haske ya bugi fuskar daga gefe guda, wanda aka ɗauka da filasha ba ya ba da inuwar kirki. Kamanni yana cikin tazarar idanu da siffar gira da layin da ke tsakanin leɓɓa. In waɗannan sun zauna, ko kunne ya ɗan kauce za a gane shi. Wajen haɗa launin fatarmu, ki fara da ruwan ƙasa, ki ɗiga ja da ruwan ɗorawa, inuwa kuma ki duhunta ta da shuɗi. Baƙi yana kashe fuska, ya mayar da ita toka-toka. Rigar da ya ci Iceland ƙwallo biyu da ita a gasar duniya ta 2018 a Rasha, mai zanen nan kore da fari gicciye-gicciye, da salatif ɗin takarda ake fitar da ita: ki manna, ki yanka da reza, ki shafa, ki cire tun fentin bai gama ƙamewa ba.

Yanayi ma yana da ta cewa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ki kife kwali a kan aikin yana bushewa. Da damina fentin mai yana iya ninka lokacinsa, kada ki yi gaggawar rufe bayansa. Da bazara akirilik yana bushewa a bakin buroshi, sai ki riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Kada ki shanya gilashi a rana don sauri, saman fentin zai ƙame cikinsa na danye, ya yamutse.

In an gama, ki bar shi mako guda, sannan ki shafe bayan duka da launi ɗaya don kariya, ki sa kwali mai kauri, ki naɗe gefen da salatif mai ƙarfi ko ki kai wa mai firam. In kina son ƙyalli, ki bar wasu wurare ba fenti, ko ki sa musu mai ratsa haske, ki cukuikuye takardar aluminiyom ki buɗe ta ki shimfiɗa a baya. Kofin gasa ko dagin Arewa da aka yi haka yana ɗaukar ido daga bakin ƙofa.

Akwatin 'yan tsana kuma aikin kafinta ne da naki. Ya yi miki firam mai zurfin santimita 6 zuwa 8, gwargwadon ƙibar 'yan tsanar, da tsagi biyu. Gilashin baya ki zana masa fili: sararin sama, dogayen gine-gine, filin wasa. Na gaba ki bar tsakiyarsa fayau, ki yi ado a gefe kawai, ganye ko gajimare ko sunan yaron, a ɓangaren ciki. Tazarar da ke tsakanin gilasan biyu ita ke ba da zurfin da ake so, siririn fitilar LED mai batir a saman ciki kuma ba ya zafin da zai lalata roba.

Game da gam, Super Glue shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, kuma shi ne mafi muni a nan. Tururinsa yana barin farin hazo a gilashi, a rufaffen akwati abin ya fi tsanani, kamunsa a gilashi kuma ba ya daɗewa. Gam ɗin kyandir na bindiga yana saki in ɗaki ya ɗau zafi. Wanda ake haɗa kala biyu, irin Araldite, shi ne daidai. Dabarar da ta fi duka ita ce kada ki manna komai a jikin gilashi: ki kafa 'yan tsanar a katakon ƙasa, ki huda tafin ƙafa da katakon ki sa guntuwar waya da gam. In kika manna abu a kan fenti, fentin kika manna wa, ranar da ya faɗi da launin zai tafi. Ki kuma bar tazara tsakanin roba da fenti, domin yawancin waɗannan 'yan tsana robar PVC ce mai laushi, sinadarin da ke tausasa ta yana fitowa a hankali ya narkar da fentin da ya jingina da shi. Saboda wannan dalili ne fentin mai ba ya bushewa a jikinsu, ya yi ta danƙo wata da watanni. In za ki sake musu launi, akirilik ne nasu.

Tunda ɗakin yara ne, zan fi so kada ki sa gilashi a gaba, ki sa robar nan mai kama da shi, Perspex, ki zana ta da akirilik kawai, don tina tana tsattsaga ta. Ki rataye akwatin da ƙusa biyu inda hannu ba ya kaiwa, ba saitin gado ba. Fentin mai kuma a tsakar gida ake aiki da shi, ba a ɗakin da jariri ke kwance ba, wasu masu arahar ma har yanzu akwai dalma a cikinsu.

Abu biyu za su taso miki in kin fara sayarwa. Na farko maganar hoto. Malamai sun yi saɓani a kan zanen mai rai, sun bambanta tsakanin shimfiɗaɗɗen zane da mutum-mutumi da kayan wasan yara, wannan ki kai wa malaminki. Ta fuskar kasuwa dai, za ki haɗu da masu son ɗan wasa amma ba sa rataye fuska a ɗaki. Ki tanadar musu rigar daga baya, suna da lamba da launin ƙungiya, ba kai ba fuska. Ya fi saurin yi, ba ya neman kamanni, a ganina ma sau da yawa ya fi kyau a bango. Na biyu haƙƙin mallaka. Hoton ɗan wasa na wanda ya ɗauka ne, tambarin ƙungiya da 'yan katun na kamfanoninsu ne, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 kuma ta shafi zane da hoto. Ko Mickey Mouse, siffarsa ta 1928 ce ta fita daga kariya a Amurka ranar 1 ga Janairun 2024, na yanzu yana nan a hannun Disney. Guda ɗaya don shagon ƙanenki wani abu ne, buga ɗari ki tallata a Instagram wani abu ne daban. Kuɗin ma ya fi yawa a inda ba mai jayayya da ke: hoton amarya da ango, sunan jariri, ko tambarin shagon mai saye, da izininsa da hotonsa.

Aikin da ya ɓare kada ki jefar. Ki jiƙa gilashin a ruwan ɗumi da sabulu minti 20, akirilik ɗin zai tashi da kansa, ki kankare saura da reza, ki goge da sifirit. Ki sake farawa da katun mai launi huɗu ko biyar, fuskar Ahmed Musa ta jira sai hannunki ya saba da bin jerin daga ido zuwa fili.